Muhawara: Idan sikila tana kisa, me ya hana ta ƙarewa a cikinmu?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Kwana uku ke nan ina juya wata tambaya a raina, na ga gara in kawo ta inda akwai masana. A makon jiya aka dakatar da maganar auren ƙanena, bayan an kai kuɗin gaisuwa har an fara zancen sa rana, saboda gwajin jini ya nuna shi AS ne, yarinyar ma AS ce. Ban yi jayayya da hukuncin ba, domin na taya maƙwabciyata jinyar 'yarta mai sikila, na ga yadda yarinyar take murƙususu da ciwon ƙashi a daren hunturu, idanunta sun yi ɗorawa, uwar tana ɗumama ruwa tana gasa mata gwiwoyi har kiran assalatu. Abin da ya ɗaure mini kai daban ne. An ce cutar gado ce, kuma a zamanin kakanninmu yawancin masu ita ba sa kai munzalin aure. To abin da yake kashe mai shi tun bai haihu ba, ta yaya aka yi bai ƙare ba? Me ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yake ɗauke da shi, alhali da wuya a same shi a jinin 'yan asalin Ingila ko Japan? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya zaɓa wa yaran abin da ya fi alheri. Shekara talatin na yi ina koyarwa a sakandare, kuma duk ɗalibin da ya yi mini irin wannan tambaya nakan san ya fara fahimtar darasin.

Sai mu fara daga tushe. Bayanin gadon da ke cikin kowace ƙwayar jikinmu a rubuce yake a sarƙar DNA da haruffa huɗu kacal, wato A, T, G da C, kuma tsawon rubutun ya kai haruffa wajen biliyan 3. Duk lokacin da za a samar da ƙwan mace ko maniyyin namiji sai an kwafi wannan rubutu, kuma duk da kwafin yana da matuƙar inganci, ana samun 'yan kurakurai. Kowane jariri yana zuwa duniya da sababbin sauye-sauye kimanin 60 zuwa 70 waɗanda babu su a jikin uwarsa ko ubansa. Mafi yawansu ba sa amfani ba sa cutarwa. Na sikila ɗaya ne daga cikin 'yan kaɗan da suka faɗa a wuri mai muhimmanci: a kan kuromozom na 11 (ɗaya daga cikin ƙunshin sarƙar DNA da ke cikin ƙwayar jiki), cikin ƙwayar gadon da ke tsara himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, inda ya kamata a rubuta GAG sai aka rubuta GTG. Harafi ɗaya ne tak ya canza, kuma Vernon Ingram ne ya gano gurbin wannan canji a jikin sinadarin a Kambirij tsakanin 1956 da 1957. Sakamakonsa shi ne idan oksijin ya yi ƙaranci, himogulobin sai ya harhaɗe ya zama kamar tsinke, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Ciwon da kika gani a jikin yarinyar nan daga wannan toshewa yake.

Da a ce iyakar labarin ke nan, da hasashenki ya yi daidai, da canjin ya ɓace tun tuni. Abin da ya riƙe shi zazzaɓin cizon sauro ne. Wanda ya gaji S ɗaya (ƙwayar gado mai wannan canji) da A ɗaya (wadda ba ta da shi), wato mai AS, ba ya ciwon sikila, kuma haɗarin maleriya mai tsanani, irin wadda take taɓa ƙwaƙwalwa ko ta shanye jinin yaro, yana raguwa a kansa da kusan kashi 90 cikin 100. Anthony Allison ne ya nuna wannan alaƙa a 1954 bayan aikin da ya yi a Gabashin Afirka. Saboda haka a ƙasar sauro, mai AA yana fuskantar mutuwa ta maleriya, mai SS yana fuskantar mutuwa ta sikila, mai AS kuwa shi ya fi samun rayuwa ya girma ya haihu. Abin da mutuwar masu SS take zubarwa, rayuwar masu AS tana mayar da shi. Wannan shi masana suke kira zaɓin yanayi.

Ɗalibin Likitanci:
Malam, a ba ni dama in ƙara hujja daga gida, domin mutane da dama suna zaton duk binciken a wata nahiya aka yi shi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani babban aikin nazarin maleriya a ƙauyukan Garki, a tsohuwar jihar Kano, wadda yanzu take cikin Jigawa. Alan Fleming da abokan aikinsa sun gwada jinin dubban mutanen yankin, suka wallafa sakamakon a 1979. A cikin jarirai sababbin haihuwa, kimanin kashi 24 cikin 100 AS ne, amma a cikin waɗanda suka haura shekara biyar adadin ya kai wajen kashi 29. Jinin mutum ba ya canzawa bayan an haife shi, saboda haka ma'anar ƙaruwar ita ce yara masu AA sun fi mutuwa a shekarun farko. Masu SS kuma kimanin kashi 2 ne a cikin jarirai, amma a cikin manya da ƙyar ake samun ko ɗaya. A ƙauyukan Hausawa aka ƙirga wannan, cikin tsatso guda, ba tare da an jira dubban shekaru ba.

Baba Alhaji:
'Ya'yana, na karanta duka, kuma na gode. Abin da na fahimta shi ne da sauro ya addabi kakanninmu, sai jikinsu ya ƙirƙiro wa kansa garkuwa, kamar yadda tafin hannun manomi yake yin kanta saboda riƙon fartanya. Idan haka ne, abin rahama ne. Sai dai ina da ja a kan wannan hana aure. Ni da uwargidana sai da muka tsufa aka gwada mu lokacin wata jinya, aka ce dukanmu AS ne. 'Ya'ya shida muka haifa, duk suna raye, babu mai sikila ko ɗaya. An ce idan AS biyu suka yi aure, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu SS ne, to ina nawa ɗayan? Gani ya kori ji.

Malamin Bayoloji:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Maganarka ta farko ita ce kuskuren da ya fi yawa a wannan fanni, har a tsakanin masu digiri, saboda haka zan ɗan tsaya a kanta. Kantar hannu amsa ce da jiki yake bayarwa ga wahala, kuma ba a gadonta, domin ɗan manomi da tafin hannu mai laushi ake haihuwarsa. Sauyin ƙwayar gado ba ya jiran buƙata kuma ba ya duba ta. Sauro bai jawo canjin GAG zuwa GTG ba. Canjin ya auku ne a matsayin kuskuren kwafi, kamar dubban irinsa, sannan maleriya ta tarar da shi a wurin ta fifita masu shi. Da a ƙasar da babu maleriya ya auku, da ya shuɗe babu wanda ya san da shi.

An gwada wannan a ɗakin bincike. A 1943 Salvador Luria da Max Delbrück sun raini ƙwayoyin bakteriya a kwalabe daban-daban, sannan suka sake musu wata ƙwayar bairos mai kashe su. Da a ce haɗuwa da bairos ɗin ce take koya wa bakteriya juriya, da adadin waɗanda suka tsira ya yi kusan daidai a kowace kwalba. Abin da suka gani shi ne wata kwalbar babu ko ɗaya, wata kuma ɗaruruwa, domin a wasu kwalaben sauyin ya riga ya auku da wuri, tun kafin a kawo bairos, zuriyarsa ta yawaita. Shi ya sa garkuwar da muka gada ta zo da tsada mai yawa haka. Abin da ya samu ne aka yi amfani da shi, ba abin da ya fi kyau ba.

A nan zan yi wata 'yar magana don kada a yi mini mummunar fahimta. Idan masanin kimiyya ya ce abu ya auku bisa katari, nufinsa shi ne aukuwar ba ta bin buƙatar mai jikin, kuma ba a iya sanin wanda za ta faɗa wa sai dai a yi lissafin yiwuwa. Ni Musulmi ne, na yi imani da ƙaddara, kuma ban taɓa ganin karo tsakanin wannan imani da ƙirga yara nawa ne AS a Garki ba.

Sista Nas:
Baba, ni zan amsa maganar 'ya'ya shida, domin kusan kowane mako sai an faɗa mini irinta a ɗakin yara. Ɗaya cikin huɗu ba rabo ba ne da ake yi wa kowane gida. Kowane ciki sabon jefa ƙuri'a ne, kuma cikin baya bai san abin da ya faru da na gaba ba. Yiwuwar yaro ya kuɓuta daga SS uku cikin huɗu ce. Idan aka ninka wannan sau shida, za a ga cewa a cikin gidaje 100 irin naka, masu 'ya'ya shida, wajen gida 18 ne za su fita ba tare da mai sikila ko ɗaya ba. Kai kana cikin 18 ɗin, mun taya ka godiya ga Allah. Sauran 82 su ne nake gani. Akwai wata baiwar Allah da take zuwa mana da 'ya'ya uku cikin huɗu masu SS. Takan zo da robar ruwan zafi a ƙunshe cikin zane da katunan asibiti uku da ta ɗaure da kyauro, kuma ta haddace adadin ledar jinin da aka ƙara wa kowannensu. Ita ma ɗaya cikin huɗun nan ce ta faɗa mata haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai masu sikila kimanin 150,000 duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Kuma ina roƙon mu tuna da matan da aka riƙa kira masu wabi. Mace ta haifi yaro lafiyayye, ya yi wata shida ko shekara, hannuwa da ƙafafu su kumbura, jini ya ƙare, ya rasu, na bayansa ma haka. Aka ce yaro ɗaya ne yake tafiya yana dawowa, aka tsaga masa fuska, aka canza masa suna. Jariri yana zuwa da wani nau'in himogulobin na cikin mahaifa wanda yake kare shi a watannin farko, yana raguwa a hankali har ya yi ƙasa wajen wata shida, a lokacin ne sikila take bayyana. Ba duk wabi ne sikila ba, amma wannan tsari ya yi kama da nata ƙwarai, kuma an ɗora wa mata laifin abin da uwa da uba suka haɗu suka bayar daidai wa daida.

Malamin Gona daga Maraɗi:
Sallama gare ku daga Nijar. Ni aikina iri ne, gero da wake, kuma abin da Sista ta faɗa game da ƙuri'a ya tuna mini da abin da nake gani a rumbunan manoma. Ina ganin akwai ƙarfi na uku da ba a ambata ba tukuna. A ɗauki buhun wake da aka gauraya fari da ja rabi da rabi. Idan ka auni tiya goma ka ƙirga, za ka samu kusan rabi da rabi. Idan kuwa ƙwaya goma kawai ka ɗiba da yatsu, kana iya samun bakwai fari uku ja, ko ma tara da ɗaya. Yanzu a ce shekarar fari ce, manomi ya cinye kusan komai, ɗan abin da ya rage a gindin tukunya shi ya shuka. Gonarsa ta bana za ta bi abin da ya faɗo a hannunsa. Idan aka yi haka shekara uku ko huɗu a jere, jan waken yana iya ɓacewa ɗungurungum daga gidan, ba don ya fi farin rauni ba. Na sha zuwa ƙauyuka biyu maƙwabta, ƙasa iri ɗaya, ruwan sama iri ɗaya, asalin irinsu ɗaya, amma launin wakensu ya sha bamban, kuma idan ka bi tarihi sai ka tarar da wata shekarar yunwa a tsakani. Malam, ko wannan yana da suna a wajenku?

Malamin Bayoloji:
Yana da shi, ɗan'uwa, kuma ka yi bayaninsa fiye da yadda nake yi a aji. Ni da Hausa nakan kira shi karkatar katari: yawan wata ƙwayar gado ya hau ko ya sauka daga tsatso zuwa tsatso saboda dacen wanda ya haihu da wanda bai haihu ba, da dacen abin da kowane yaro ya ɗauka, ba tare da ƙwayar ta fi wata amfani ba. Sewall Wright na Amurka ne ya fi kowa aiki a kan lissafinsa tun daga shekarun 1930, kuma ƙa'idar ita ce wadda ka faɗa, gwargwadon ƙanƙantar jama'a gwargwadon ƙarfinsa.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na tsibirin Pingelap a Tekun Fasifik. Wajen 1775 wata mahaukaciyar guguwa da yunwar da ta biyo bayanta suka bar mutum kusan 20 kacal a raye. A cikinsu akwai mai ɗauke da ƙwayar wata lalurar ido wadda mai ita ba ya ganin launi ko kaɗan, hasken rana kuma yana damunsa ƙwarai. A sauran duniya mutum ɗaya cikin kimanin 30,000 ne yake da ita. A Pingelap yau tsakanin 5 zuwa 10 cikin 100 ne. Lalurar ba ta kare su daga komai ba, ga masunta ma cikas ce babba. Ta yawaita ne kawai domin mai ɗauke da ita yana cikin 'yan ƙwayoyin da suka rage a gindin tukunya. A 1968 Motoo Kimura na Japan ya kawo hujjar cewa mafi yawan bambance-bambancen da ke cikin rubutun DNA ta irin wannan hanya suke yaɗuwa ko su ɓace, domin yanayi bai damu da su ba.

Ɗalibin Likitanci:
Malam, a nan ina da ja, cikin girmamawa. Idan katari yana iya ɗaga ƙwaya mai cutarwa zuwa wannan matsayi a Pingelap, me zai hana wani ya ce sikila ma haka ta yi a Afirka, maleriya kuwa dace ne kawai suka yi a wuri guda? Wani malaminmu ya taɓa yi mana wannan tambaya a aji, aka yi shiru.

Malamin Bayoloji:
Tambaya ce mai kyau, ɗana, kuma kai da kanka ka riga ka kawo rabin amsarta. Katari ba shi da alkibla. Ba zai sa adadin AS ya tashi daga 24 zuwa 29 tsakanin haihuwa da shekara biyar ba, kuma ba zai maimaita fifiko iri ɗaya a Gambiya da Kenya da Ghana ba, inda aka kwatanta yaran da maleriya ta kwantar da waɗanda ba ta kwantar ba aka ga masu AS sun yi ƙaranci ƙwarai a cikin na kwance. Na biyu, mutum ashirin daban, miliyoyin mutane daban. A jama'a mai yawa, ƙwayar da take kashe mai kwafi biyu ba za ta zauna a wannan matsayi ba sai da abin da yake tallafa mata a kowane tsatso. Na uku, taswirar sikila ta bi taswirar maleriya har wajen Afirka, zuwa gabashin Saudiyya da tsakiyar Indiya da wasu sassan Girka, ta kuma yi ƙasa a tsaunukan Gabashin Afirka inda sanyi ya hana sauro sakewa.

Amma ba na cewa katari ba shi da hannu. A ranar da canjin ya fara aukuwa, a jikin mutum ɗaya yake. Ko da yana da amfani, da wannan mutum ya mutu a ƙuruciya, ko da 'ya'yansa duka sun ɗauki A daga gare shi, da shi ke nan. Yawancin sauye-sauye masu amfani haka suke ɓacewa tun a tsatson farko. Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda haifaffen Najeriya ne, sun wallafa nazari a 2018 da ya nuna cewa S na duniya duka daga asali ɗaya yake, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, lokacin da Sahara take da ruwa da ciyayi. Kafin su, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne canjin ya auku sau da dama a wurare daban-daban, kuma har yanzu masana suna tattaunawa a kan shekarun. Ko ta yaya, sai da ya tsallake siraɗin katari kafin zaɓin yanayi ya karɓe shi.

Yaya daga Zangon Kumasi:
Salamu alaikum. Mu nan Ghana akwai wani harafi da ba ku ambata ba, wato C. Ƙanwata AC ce, mijinta AS, aka ce musu babu matsala tun da ba AS biyu ba ne, sai ga ɗansu na biyu da SC, yana fama da ciwon ƙugu da matsalar ido. Don Allah a yi bayani.

Sista Nas:
Yaya, Allah Ya ba shi lafiya. Wanda ya ce musu babu matsala ya yi kuskure. C wani canji ne daban da ya faɗa a daidai gurbin da S ya faɗa, sai dai wani harafin ya taɓa. Ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso, kuma binciken da aka yi a tsakanin Mosawa a Burkina Faso, wanda aka wallafa a 2001, ya nuna shi ma yana kariya daga maleriya, musamman ga mai CC. Idan S da C suka haɗu a jikin yaro, nau'in sikila ne, galibi ya fi SS sauƙi amma yana da nasa haɗarin, musamman ga ido da ƙashin ƙugu da lokacin goyon ciki. Gwajin gaggawa da ake yi a wasu ƙananan wurare yana nuna akwai S ko babu ne kawai, ba ya ganin C. Ni kaina an taɓa ba ni takarda a wani ɗakin gwaji cewa AA ce ni, sai da na sake a wani wuri sau biyu na tabbatar AS ce. Duk mai shirin aure ya yi gwajin a wuri biyu ingantattu.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, yanzu kaina ya waye. Saura tambaya ɗaya. Tun da jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, kuma ana raba gidan sauro ana samun magani, ashe nan da 'yan shekaru sikila za ta ƙare ke nan? Sannan a danginmu ana yawan auren zumunci, wasu suna cewa shi ne ya kawo mana cutar.

Malamin Bayoloji:
Hajiya, auren zumunci ba ya ƙirƙirar S kuma ba ya ƙara yawansa a cikin jama'a. Abin da yake yi shi ne ya sauƙaƙa haɗuwar kwafi biyu, domin 'ya'yan wa da ƙani suna tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na gadonsu, idan kakansu yana da S, yiwuwar su biyun su gaje shi ta fi ta bare. A ƙasar da ɗaya cikin huɗu yake AS, ko bare ka aura haɗarin yana nan: aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS biyu, kwatan 'ya'yansu kuma SS, wato jariri ɗaya cikin 64, kusa da abin da aka ƙirga a Garki.

Batun ƙarewa kuwa, ina so a saurare ni da kyau, domin amsar ba ita ce wadda ake zato ba. Idan aka cire abin da yake fifita wata ƙwaya, tana iya ja da baya, kuma mun ga haka a jikin ƙwayar maleriyar kanta. Juriyar kulorokwin ta ɓullo a ƙarshen shekarun 1950 a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya, ta iso Gabashin Afirka a 1978, ta mamaye nahiyar har maganin da muka tashi muna sha ya daina aiki. Malawi ta daina amfani da shi a 1993, kuma cikin shekara goma ƙwayoyin masu juriya suka kusan ɓacewa a can, domin idan babu maganin, juriyar nauyi ce a kansu. Amma ƙwayar maleriya tana sabunta tsatso cikin makonni, mu kuwa sai shekara 25 zuwa 30. Ko da a ce an kawar da maleriya gobe, kuma babu mai SS da yake haihuwa, lissafi ya nuna sai an yi tsatso wajen bakwai kafin yawan S ya ragu da rabi, wato kusan shekara 200, kuma daga nan raguwar sai ƙara jinkiri take yi, domin mafi yawan S a ɓoye yake a jikin lafiyayyun masu AS inda zaɓin yanayi ba ya ganinsa.

Gwajin aure kuma yana rage haihuwar masu SS, amma ba ya rage S. Idan ƙanenki ya auri mai AA, babu ɗansa da zai yi sikila, amma kowane ɗa yana da yiwuwar rabi ya zama AS. A da, mutuwar yara ce take zubar da S daga cikin jama'a, kuma wannan hanya ce da babu mai imani da zai so ta ci gaba. Yau da allurar rigakafi da fenisilin da folik asid da maganin haidiroksiyuriya, masu SS suna girma, suna karatu, suna aure, kuma haka muke fata. Ma'anar duk wannan ita ce S zai zauna tare da jikokinmu da tattaɓa-kunnenmu, kuma kowane tsatso sai ya yi nasa gwajin.

Baba Alhaji:
Malam, Sista, na karɓi gyara. Daren jiya na zauna da uwargida muka yi ta ƙirga haihuwar mahaifiyata. Goma sha ɗaya ta haifa, mu huɗu muka rayu. Akwai biyu da nake tunawa, Allah Ya jiƙansu, waɗanda yatsunsu suke kumbura suna kuka ba dare ba rana, ana shafa musu man shanu, har aka yi wa ta biyun tsaga a kumatu. Ban taɓa haɗa wannan da takardar da aka ba mu a asibiti ba sai jiya. Cikin 'ya'yana shida, biyu ne kawai suka san jininsu. Jikokina goma sha tara ne, babbarsu an fara zuwa neman aurenta, kuma mai neman ɗan ƙanwar uwarta ne. Na kira iyayenta da safen nan na ce kada a karɓi ko sisi sai an kawo mini takardu daga wuri biyu. Sista, idan kin ga saƙon nan ki turo mini sunan gwajin da yake nuna har da C ɗin, in rubuta a takarda in ba su su tafi da ita ranar Litinin.